Chet Atkins: Makaɗin da ya sauya kiɗan karkarar Amurka

Chet Atkins makaɗin jita ne kuma mai shirya faya-fayai ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shafe fiye da shekaru hamsin yana harkar kiɗa, daga 1942 har zuwa kusan ƙarshen rayuwarsa a 2001.

Yana cikin mutane ƙalilan da ake dangantawa da ceto kiɗan karkara na Amurka, wato wanda a can ake kira country, a lokacin da kasuwarsa ta kama hanyar durƙushewa a ƙarshen shekarun 1950.

Sai dai hanyar da ya bi wajen yin hakan ta jawo muhawarar da har yanzu ba a kammala ba. Wasu na ganin ya buɗe wa kiɗan ƙofar duniya ne, wasu kuma na cewa ya raba shi da asalinsa domin neman kuɗi. Shi kansa daga baya ya nuna cewa akwai ƙamshin gaskiya a cikin zargin.

Tasowarsa

An haifi Chester Burton Atkins ne a ranar 20 ga watan Yuni na shekarar 1924, a kusa da wani ƙaramin gari mai suna Luttrell da ke gabashin jihar Tennessee, yankin tsaunuka da talauci ya yi wa katutu a wancan zamani.

Mahaifinsa malamin koyar da kiɗa ne mai yawan tafiye-tafiye, mahaifiyarsa kuma tana kaɗa fiyano tana waƙa. Aurensu ya mutu yana ɗan kimanin shekara shida, ya ci gaba da zama a hannun mahaifiyarsa.

Ya fara ne da wata ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu da ake kira yukulele, sannan ya koma ga gogen Turawa. Yana ɗan shekara tara ya mallaki jitarsa ta farko, wadda ya karɓa daga hannun wani yayansa, ya ba shi wata tsohuwar ƙaramar bindiga, tare da alkawarin ɗauke masa wasu ayyukan gida.

Tun yana yaro yake fama da ciwon asma mai tsanani. Wannan ne ya sa a tsakiyar shekarun 1930 aka mayar da shi wurin mahaifinsa a jihar Georgia, bisa fatan canjin iska zai kawo masa sauƙi.

A dararen da ciwon ya tashi ba ya iya kwanciya, sai dai ya zauna a kujera domin ya samu numfashi. A irin waɗannan darare yakan rungume jita yana kaɗawa har barci ya ɗauke shi, kuma wannan ɗabi'a ta bi shi har girmansa.

Ciwon ne kuma ya hana a ɗauke shi aikin soja a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Salon kaɗa jita

A shekarar 1939 ya ji wani makaɗi mai suna Merle Travis a gidan rediyon WLW na birnin Cincinnati, kuma daga nan salon kiɗansa ya samu alƙibla.

Travis yana amfani da babban yatsa wajen bugun tsirkiyoyi masu kaurin amo, waɗanda ke riƙe da ƙasan kiɗa, a lokaci guda kuma yana fitar da karin waƙar da yatsansa manuniya a kan sauran tsirkiyoyin. Mai sauraro sai ya ɗauka makaɗa biyu ne suke kiɗa tare.

Atkins bai taɓa ganin Travis da idonsa ba a lokacin, kunne kawai yake bi. Bai yi zaton yatsu biyu za su iya fitar da abin da yake ji ba, don haka sai ya riƙa koyo da babban yatsa da wasu yatsu biyu, wani lokaci ma uku. Wannan kuskuren fahimta shi ne ya ba shi salon kansa, wanda ya fi na malaminsa faɗi da laushi.

Salon yana da dogon tarihi a yankin masu haƙar kwal na yammacin jihar Kentucky. Travis ya koya ne daga Mose Rager da Ike Everly, kuma masana tarihin kiɗa na danganta tushen salon da wani makaɗi baƙar fata mai suna Arnold Shultz, wanda ya mutu a 1931 ba tare da an taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba.

Baya ga Travis, Atkins ya tasirantu da makaɗan jaz, musamman Django Reinhardt na Faransa, da kuma Les Paul, wanda wani yayan Atkins mai suna Jim ya yi aiki a ƙungiyarsa.

Yawon gidajen rediyo

A 1942, yana da shekara 18, ya samu aiki a gidan rediyon WNOX na birnin Knoxville. A matsayin mai goge aka fara ɗaukarsa, kafin shugabannin gidan su gane cewa a jita ƙwarewarsa take.

A wancan zamani gidajen rediyo ne ke ɗaukar makaɗa aiki, su riƙa kiɗa kai tsaye da sassafe ko da rana domin manoma da ma'aikata. Albashin kaɗan ne, aikin kuma ba shi da tabbas.

Bayan shekara uku ya koma WLW, gidan da ya fara jin Travis. A can ya haɗu da wata mawaƙiya mai suna Leona Johnson, suka yi aure a 1946, kuma suna tare har ƙarshen rayuwarsa. 'Yarsu ɗaya tilo sunan Merle Travis aka sa mata.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. Ya yi aiki a jihohin North Carolina, da Virginia, da Missouri, da Colorado, kuma a wurare da dama sallamarsa aka yi. Dalilin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: mutum ne mai kunya da ba ya iya barkwanci a gaban jama'a, sannan ana ganin kiɗansa ya cika gogewa, bai yi kama da na mutanen karkara ba.

A birnin Springfield na jihar Missouri ne wani jami'in rediyo mai suna Si Siman ya fara kiransa Chet, ya kuma riƙa aika samfurin kiɗansa ga kamfanonin faifai.

Ɗaya daga cikin waɗannan samfura ya kai hannun Steve Sholes, mai kula da sashen kiɗan karkara na kamfanin RCA Victor. Sholes ya neme shi har ya same shi a Denver, kuma a 1947 Atkins ya yi faifansa na farko da kamfanin a birnin Chicago. Faya-fayan farko ba su yi kasuwa ba, amma Sholes bai sallame shi ba.

Zuwa Nashville

A 1949 ya shiga ƙungiyar Maybelle Carter da 'ya'yanta mata uku, gidan da ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin tushen kiɗan karkara. Da aka gayyaci ƙungiyar zuwa shirin rediyon nan na Grand Ole Opry a 1950, sai ya biyo su zuwa birnin Nashville, inda ya zauna har mutuwarsa.

Nan da nan ya zama ɗaya daga cikin makaɗan da aka fi nema a ɗakunan ɗaukar sauti na birnin. Yana cikin waɗanda suka yi wa Hank Williams kiɗa a zamansa na ƙarshe na ɗaukar waƙa a watan Satumba na 1952, 'yan watanni kafin mutuwar mawaƙin.

Da yake Sholes a New York yake zaune, sai ya riƙa dogara da Atkins wajen tara makaɗa da tsara aiki a duk lokacin da mawaƙan RCA za su ɗauki waƙa a Nashville. Ta haka ya koyi aikin shirya faifai, ba tare da ya shiga wata makaranta ba.

A 1955 kiɗansa mai suna Mr. Sandman ya shiga jadawalin waɗanda suka fi kasuwa, wanda shi ne karon farko da ya samu irin wannan nasara da sunansa. A daidai wannan lokaci kamfanin ƙera kayan kiɗa na Gretsch ya fara fitar da jita mai ɗauke da sunansa, wadda ya ba da shawara wajen tsara ta.

Barazanar rok an rol

A watan Nuwamba na 1955 kamfanin RCA ya sayi kwantiragin wani matashi mai suna Elvis Presley daga ƙaramin kamfanin Sun na birnin Memphis, a kan dala 35,000. A ranar 10 ga watan Janairu na 1956 aka ɗauki waƙarsa ta Heartbreak Hotel a Nashville, kuma Atkins na cikin waɗanda suka kaɗa jita a wannan zama.

Haka kuma ya taimaka wa 'yan'uwan nan biyu da aka sani da Everly Brothers, 'ya'yan Ike Everly, ya kuma yi musu kiɗa a waƙoƙinsu na farko da suka yi fice a 1957.

Wato dai da hannunsa a cikin sabon kiɗan rok an rol, wanda ba da jimawa ba ya zama babbar barazana ga sana'ar da ta raine shi.

Matasa sun juya wa kiɗan karkara baya, cinikin faya-fayansa ya faɗi, gidajen rediyo da yawa kuma suka daina sa shi. Wannan ne ya sa masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta CMA a 1958. Wani ƙidayar da ƙungiyar ta yi a 1961 ya nuna cewa gidajen rediyo 81 ne kacal a duk faɗin Amurka suke sa kiɗan karkara zalla.

A cikin wannan hali ne, a 1957, aka ƙara wa Sholes girma saboda nasarar Presley, shi kuma ya damƙa wa Atkins ragamar ayyukan RCA a Nashville. A ƙarshen shekarar kamfanin ya buɗe sabon ɗakin ɗaukar sauti a birnin, wanda daga baya aka san shi da Studio B.

Aikin da ke gabansa a fili yake: ko dai faya-fayan su sayu, ko kuma a sallame shi kamar yadda aka sha yi a baya.

Sautin Nashville

Atkins ya lura cewa akwai manyan mutane mazauna birane da rok an rol bai kwanta musu ba, amma kuma suna ƙyamar kiɗan karkara saboda kaifin gogensa, da kukan jitar ƙarfe da ake kwantarwa a kaɗa, da kuma yadda mawaƙansa ke waƙa ta hanci.

Abin da ya yi shi ne ya rage waɗannan abubuwa, ko ya cire su baki ɗaya. A madadinsu ya shigo da fiyano, da tarin goge masu taushin amo irin na manyan ƙungiyoyin kiɗa, da kuma 'yan amshi masu tattausar murya, musamman ƙungiyar Jordanaires da ta Anita Kerr. Labarin da ke cikin waƙar, na soyayya da rabuwa da kewa, shi ne aka bari yadda yake.

Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Owen Bradley na kamfanin Decca ya bi irin wannan hanya da mawaƙa irin su Patsy Cline da Brenda Lee. Sakamakon aikinsu shi ne abin da aka laƙaba wa suna Sautin Nashville.

Tsarin ya dogara ne a kan wasu makaɗa 'yan ƙalilan da ke yi wa kusan kowane mawaƙi kiɗa, cikinsu har da mai fiyano Floyd Cramer. Sun saba da juna ƙwarai, ta yadda sukan saurari sabuwar waƙa sau ɗaya ko biyu, su rubuta tsarinta da lambobi a takarda, su shiga aiki. A zaman sa'o'i uku akan kammala waƙa uku ko huɗu, abin da ya rage wa kamfanoni kashe kuɗi.

Gwajin farko da ya yi nasara shi ne na Don Gibson. Waƙarsa ta Oh Lonesome Me, wadda aka ɗauka a ƙarshen 1957, ta hau saman jadawalin kiɗan karkara na mujallar Billboard a 1958, ta kuma shiga cikin goma na farko a jadawalin gama-gari. A bayan faifan akwai waƙar I Can't Stop Loving You, wadda Ray Charles ya sake rerawa a 1962 ta zagaya duniya.

A 1959 waƙar The Three Bells ta ƙungiyar The Browns ta zo ta ɗaya a jadawalin gama-gari. Bayanta akwai The End of the World ta Skeeter Davis a 1962, da Make the World Go Away ta Eddy Arnold a 1965, dukansu Atkins ne ya shirya su.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, cewa da aka tambaye shi ma'anar Sautin Nashville, sai ya sa hannu a aljihu ya karkaɗa tsabar kuɗi, yana nuna cewa amon kuɗi ne. Cikin raha ya yi, amma masu sukarsa sun riƙe wannan a matsayin hujja.

Jim Reeves

Babu mawaƙin da ya amfana da sabon salon kamar Jim Reeves, ɗan jihar Texas, wanda da farko yake ɗaga murya kamar sauran mawaƙan karkara.

Daga waƙar Four Walls ta 1957 ya sauya: ya matso dab da makirfo, ya sassauta murya, tamkar mai yi wa mutum ɗaya magana a cikin ɗaki. Waƙarsa ta He'll Have to Go ta shafe makonni 14 a saman jadawalin kiɗan karkara a 1960, ta kuma zo ta biyu a na gama-gari.

Da yake kalmominsa na fita tar, kiɗan kuma ba shi da hayaniya, sai waƙoƙinsa suka samu karɓuwa a ƙasashen da Ingilishi ba shi ne harshen gida ba. A 1962 Reeves da Atkins da Cramer sun yi rangadi a Afirka ta Kudu, inda jama'a suka yi musu gagarumar tarba. Faya-fayan Reeves sun kuma yi farin jini a Indiya, da Sri Lanka, da Kenya, da Najeriya, inda aka daɗe ana jinsu a gidajen rediyo da shagunan sayar da kaset.

Da yawa daga cikin masu sauraron ba su san sunan wanda ya shirya faya-fayan ba, amma aikin Atkins suke ji.

Reeves ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgin sama a kusa da Nashville a ranar 31 ga watan Yuli na 1964. Kamfanin ya ci gaba da fitar da waƙoƙin da ya bari, kuma ɗaya daga cikinsu, Distant Drums, ta zo ta ɗaya a Birtaniya a 1966.

Batun Charley Pride

Shawara mafi haɗari da Atkins ya yanke a kamfanin ba ta shafi kayan kiɗa ba, ta shafi launin fata ne.

Charley Pride baƙar fata ne da aka haifa a 1934 a gidan manoman auduga a jihar Mississippi. Ya buga ƙwallon besbol a ƙungiyoyin baƙaƙen fata, sannan ya yi aiki a wata masana'antar narka ma'adinai a jihar Montana, yana waƙa a lokacin hutu.

A 1965 wani mai shirya faifai mai suna Jack Clement ya ɗauki muryarsa, ya kai wa Atkins. A lokacin shekara ɗaya ke nan da kafa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, kuma jihohin kudu, inda mafi yawan masu sayen kiɗan karkara suke, suna cikin zaman ɗar-ɗar a kan batun wariyar launin fata.

Duk da cewa baƙaƙen fata sun taka rawa a tushen wannan kiɗa, kuma wani mai busa mai suna DeFord Bailey ya yi fice a Grand Ole Opry kafin a sallame shi a 1941, ana ɗaukar kiɗan a matsayin na fararen fata.

Atkins ya shawo kan shugabannin RCA suka ɗauki Pride. Amma da aka fitar da waƙarsa ta farko, sai aka aika wa gidajen rediyo faifan ba tare da hotonsa ba, domin a ji muryar kafin a ga mai ita. A wani babban taron kiɗa a birnin Detroit a 1966, jama'a sun yi ta tafi da aka ambaci sunansa, da ya fito kuma sai wurin ya yi tsit, kafin ya shawo kansu da raha da waƙa.

Pride ya fara bayyana a Grand Ole Opry a 1967, a 1971 kuma ƙungiyar CMA ta zaɓe shi gwarzon shekara. Waƙoƙinsa kusan 30 ne suka hau saman jadawalin kiɗan karkara kafin mutuwarsa a 2020.

Wasu na yaba wa Atkins a kan ƙarfin halin da ya nuna. Wasu kuma na nuni da cewa ɓoye hoton alama ce ta yadda sana'ar ta zaɓi kauce wa matsalar maimakon fuskantarta, kuma shekaru masu yawa sun wuce kafin wani baƙar fata ya sake kaiwa irin wannan matsayi.

Tawayen mawaƙa

A 1968 aka naɗa Atkins mataimakin shugaban RCA mai kula da sashen kiɗan karkara. A ƙarƙashin jagorancinsa kamfanin ya ɗauki mawaƙa irin su Bobby Bare, da Connie Smith, da Jerry Reed, da Dolly Parton, da Waylon Jennings, da Willie Nelson.

Sai dai tun a shekarun 1960 aka fara nuna ƙin amincewa da salon nasa. A garin Bakersfield na jihar California, Buck Owens da Merle Haggard sun riƙe jitar ƙarfe da kiɗa mai kaifi, kuma sun samu kasuwa, abin da ya nuna cewa tsohon salon bai mutu ba.

Babban ƙalubalen kuwa daga cikin gida ya taso. A tsarin Nashville, kamfani ne ke zaɓar mai shirya faifai, shi kuma ya zaɓi waƙoƙi da makaɗa. Mawaƙi ba shi da ikon shigo da makaɗan da yake yawo da su.

Nelson ya shafe shekaru a RCA ba tare da wata babbar nasara ba, duk da cewa shi ya rubuta waƙoƙin da wasu suka yi suna da su. A farkon shekarun 1970 ya bar kamfanin ya koma jiharsa ta Texas. Faifansa na 1975 mai suna Red Headed Stranger, wanda ya yi wa kamfanin Columbia da kayan kiɗa ƙalilan ba tare da wani ado ba, shi ne ya mayar da shi tauraro.

Jennings kuwa ya tsaya ya ja da kamfanin, har a 1972 ya samu sabon kwantiragi da ya ba shi ikon shirya waƙoƙinsa yadda yake so.

A 1976 RCA ya tattara waƙoƙin waɗannan 'yan tawaye a faifai guda mai suna Wanted! The Outlaws, wanda ya zama faifan kiɗan karkara na farko da aka ba shaidar sayar da kwafi miliyan ɗaya. Wanda ya jagoranci fitar da shi shi ne Jerry Bradley, ɗan Owen Bradley, wanda ya karɓi ragamar ofishin Nashville daga hannun Atkins.

A cikin waɗannan shekaru Atkins ya sha nuna damuwa a hirarraki cewa kiɗan karkara na neman rasa kamanninsa, ya kuma amince cewa yana da hannu a ciki. Hujjarsa dai ita ce an ɗauke shi aiki ne domin ya sayar da faya-fayai, kuma da bai yi haka ba, da mawaƙa da makaɗa da yawa sun rasa abin yi.

Komawa ga jita

Aikin ofis bai taɓa kwanta masa ba. A 1973 likitoci suka gano yana da ciwon daji na hanji, aka yi masa tiyata ya samu sauƙi, daga nan ya fara janye jiki daga harkokin mulki.

Ko a lokacin da yake shugabanci bai ajiye jita ba. Kiɗansa na Yakety Axe na 1965 shi ne ya fi kowanne nasa kasuwa. A 1966 ya fitar da faifan kiɗan waƙoƙin ƙungiyar Beatles, kuma George Harrison, wanda ya taso yana kwaikwayonsa yana kuma amfani da jitar Gretsch mai sunansa, shi ne ya rubuta bayanin da ke bayan faifan.

A 1974 ya yi faifai tare da Merle Travis, mutumin da ya fara ji a rediyo shekara 35 kafin nan. A 1976 ya yi wani tare da Les Paul mai suna Chester and Lester. Dukansu biyu sun samu lambar yabo ta Grammy.

A 1982 ya bar RCA bayan shekara 35, saboda kamfanin bai goyi bayan sha'awarsa ta yin kiɗan jaz ba, ya koma Columbia. A daidai wannan lokaci ya raba gari da Gretsch ya koma aiki da kamfanin Gibson.

A 1990 ya fitar da Neck and Neck tare da Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits ta Birtaniya. Faifansa na ƙarshe da ya fito yana raye shi ne na 1997, tare da Tommy Emmanuel ɗan ƙasar Ostareliya, wanda shi ma tun yana yaro ya ji Atkins a rediyo ya kama koyo.

Da yake bai yi karatu mai zurfi ba, sai ya ƙirƙiro wa kansa wani laƙabi cikin raha mai haruffa CGP, wato ƙwararren makaɗin jita mai shaida, kamar yadda masu digiri ke sa haruffa a bayan sunansu. Daga baya ya ba wasu makaɗa ƙalilan wannan laƙabi, cikinsu har da Jerry Reed, da Steve Wariner, da John Knowles, da Emmanuel.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Ciwon daji ya sake dawo masa a tsakiyar shekarun 1990, kuma lafiyarsa ta ci gaba da raguwa. Ya mutu a gidansa da ke Nashville a ranar 30 ga watan Yuni na 2001, kwana goma bayan ya cika shekara 77. An yi taron jana'izarsa a zauren Ryman, tsohon mazaunin Grand Ole Opry.

Ya samu lambar Grammy 14, baya ga ta girmamawa a kan aikin rayuwa da aka ba shi a 1993. Ƙungiyar CMA ta zaɓe shi makaɗin shekara har sau tara. A 1973 aka shigar da shi zauren girmama gwarazan kiɗan karkara yana da shekara 49, a 2002 kuma aka shigar da shi na rok an rol bayan mutuwarsa.

RCA ya daina amfani da Studio B a 1977, kuma daga baya ya zama wurin tarihi da masu yawon buɗe ido ke ziyarta a ƙarƙashin kulawar gidan tarihin kiɗan karkara na Nashville.

Tsarin da shi da Owen Bradley suka kafa ya taimaka wajen mayar da Nashville ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin harkar kiɗa na Amurka, tare da New York da Los Angeles.

Muhawarar da ya bari kuwa takan dawo a kowane zamani. Duk lokacin da mawaƙan Nashville suka karkata ga abin da kasuwa ke so, sai wasu su taso da kiran a koma ga goge da jitar ƙarfe, kamar yadda aka gani a shekarun 1980 da mawaƙa irin su George Strait da Randy Travis. Ɓangarorin biyu dai sukan ambaci sunan Chet Atkins: ɗaya a matsayin wanda ya fara kauce wa asali, ɗaya kuma a matsayin wanda ya sa sana'ar ta rayu har aka samu abin da za a yi gardama a kai.